Huhu Ba Ya Jan Iska da Kansa: Tsokokin da Ke Ɗauke da Numfashinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai fiɗar ragon layya ya riga ya ga rabin abin da ɗaliban likitanci ke wahalar haddacewa game da numfashi. In an farke ciki an kwashe tumbi da hanji, ba a isa ga huhu kai tsaye. Sai an ci karo da wani shimfiɗaɗɗen nama da ya rufe ƙirji ta ƙasa, gefensa ja, tsakiyarsa fari, ya manne da haƙarƙari ta ko'ina, hanta kuma tana jingine da shi. Wannan shi ne tantani, wanda likitoci ke kira dayafiram. Da wuƙa ta huda shi, huhun da ya cika ƙirji taf sai ya janye ya yamutse, ya bar fili. In yara suka samu huhun da maƙogwaronsa sukan hura shi ya kumbura, da sun cire baki kuma ya sace nan take.

Abin da idonmu ya gani a nan shi ne, huhu in an bar shi da halinsa tsukewa yake yi. Ba shi da tsokar da zai buɗe kansa da ita. Akwai 'yar tsoka a jikin bututun iska, amma aikinta tsuke hanya ne ko sake ta, ba jawo iska ba. Masu jawo iska suna wajen huhu: tantani, da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari, da na wuya, da na ciki. Numfashi aiki ne na tsoka, tsoka kuwa tana gajiya. A ganina rashin sanin wannan ne ya sa muke yi wa mai ciwon ƙirji mummunar fahimta, musamman yaro ƙarami. Kunnenmu yana kan tari, alhali labarin yana wurin wuya da haƙarƙari da ciki.

A shekarar 1662 wani masanin kimiyya, Robert Boyle, ya nuna cewa in aka ƙara wa iska fili matsinta yana raguwa, in aka ƙuntata mata fili matsinta yana ƙaruwa. Iska kuma kullum daga inda matsi ya yi yawa take kwarara zuwa inda ya yi kaɗan. Maƙeranmu sun daɗe suna cin gajiyar wannan a zuga-zugi. Fatar ba ta da wani ƙarfi nata. Hannun mai zuga ne ke ɗaga ta, fili ya samu, iska ta faɗa ciki, ya danna ta fita. A 1674 wani likita a Ingila, John Mayow, ya sa mafitsarar dabba cikin zuga-zugi, ya bar bakinta a buɗe zuwa waje, ya yi wa zuga-zugin tagar gilashi. Duk lokacin da aka buɗe shi, mafitsarar ta kumbura ba tare da kowa ya hura ta ba. Haka ƙirjin ɗan Adam yake aiki.

Tantani a hutunsa ba a miƙe yake ba, ya yi doro ne sama zuwa cikin ƙirji. Idan ya ɗaure sai doron ya sauko, ya tura hanta da tumbi da hanji ƙasa, shi ya sa cikin mai barci yake tasowa in ya shaƙi iska. A numfashin hutu saukowar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, amma mai gudu ko mai dogon numfashi yakan saukar da shi har kusan santimita 10. Wannan 'yar saukowa ita ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na iskar da babban mutum ke shaƙa yana zaune. Iskar kanta kimanin rabin lita ce a kowane numfashi, sau 12 zuwa 20 a minti, wato wajen sau 20,000 a kwana ɗaya. Kuma ba duka ke isa inda ake bukata ba: kimanin mililita 150 tana tsayawa a hanci da maƙogwaro da manyan bututu, ta koma waje ba ta gamu da jini ba. Wannan ya sa numfashi sama-sama, komai saurinsa, ba ya ƙosar da jiki. Mai shaƙar mililita 250 sau 30 a minti yana motsa iska fiye da mai shaƙar 500 sau 12, amma wadda ke isa cikin huhunsa ba ta kai ta wancan ba.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar bambancin matsin da ake bukata. Nauyin iskar duniya a bakin teku ya kai na ruwa mai zurfin sama da mita 10. Abin da tantani ke ragewa cikin huhu, har iska ta kwararo, bai wuce na ruwa mai zurfin santimita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu. Lafiyayyen mutum a zaune ba ya kashe ko kashi 5 cikin 100 na oksijin ɗin jikinsa a kan aikin numfashi. Saboda arahar aikin ne ba ma jin sa.

To me ya sa huhu yake bin ƙirji in ya buɗe, tunda ba a ɗinke suke ba? Wata siririyar fata mai ninki biyu ce ke tsakaninsu, ninki ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya ya shafe cikin haƙarƙari da saman tantani. Tsakanin biyun ba iska, sai ɗan ruwa da bai wuce 'yan cokula ba, wanda ke barin su su zame a kan juna amma ba ya barin su rabu. Huhu yana ja ciki, ƙirji yana ja waje, wannan ja-in-ja ya sa matsin da ke tsakaninsu kullum yana ƙasa da na waje. In wuƙa ko harsashi ko karyayyen haƙarƙari ya buɗe wa iska ƙofa zuwa wannan wuri, riƙon ya ɓalle, huhun wannan ɓangare ya sace, ko da tsokoki suna aiki da iyakar ƙarfinsu. Maganinsa a asibiti shi ne a zura roba tsakanin haƙarƙari, a sa ɗaya bakin cikin kwalbar ruwa a ƙasan gado, iska ta fita ba ta da hanyar komawa. Masu jinya kan tsorata da ganin robar, amma ita ce ke mayar da huhu mazauninsa, kuma ɗaga kwalbar sama da ƙirjin majinyaci kuskure ne babba.

Fitar da iska a hutu kyauta ce. Tantani ya saki, huhu ya koma da kansa saboda halin nan nasa na tsukewa, iska ta fita. Ba ta fita duka: bayan numfashin hutu kimanin lita 2 da rabi na nan ciki, kuma ko mutum ya matse kansa iya matsewa sai wajen lita 1 ta rage. Wannan ajiya ce ke sa jini ya ci gaba da samun oksijin tsakanin numfashi da numfashi.

Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, da gurbi 11 a tsakaninsu, kowane gurbi cike da tsoka hawa uku. Na waje suna ɗaga haƙarƙari sama da gefe, ƙirji ya faɗaɗa. Na ciki suna jawo su ƙasa in ana son fitar da iska da ƙarfi. Amma akwai wani aiki nasu da ba a cika faɗa ba, wanda shi ne mabuɗin fahimtar ciwon yara: suna ƙarfafa bangon ƙirji don kada tantani ya zuƙe shi ciki. Duk lokacin da matsi ya ragu cikin ƙirji, ba iska kaɗai ake jawowa ba, har bangon ma ana jawo shi. A babban mutum ƙashi ya yi ƙwari, ba ya lotsawa. A jariri haƙarƙari guringuntsi ne mai laushi, kuma a kwance suke ba a karkace ba, don haka ɗaga su ba ya ƙara fili sosai. Kusan duk nauyin yana kan tantani, tantanin kuma bai ƙosa ba. A na babba kusan rabin zaruruwan tsokar irin masu jure gajiya ne, a na sabon haihuwa kusan rubu'i ne kawai, a na bakwaini ma ƙasa da haka.

Tsokokin ciki su ne masu turawa. Su ke matse hanji su tura tantani sama in za a yi tari ko atishawa ko yunƙurin naƙuda. Mai busa algaita a hawan sallah da su yake riƙe da sauti, yana tara iska a kumatu yana matsa ta, a daidai lokacin yana shaƙar wata ta hanci, busa ba ta yanke ba. Alaramma mai jan doguwar aya da numfashi ɗaya kuwa wata gwaninta yake yi: a farkon ayar, huhu a cike yana son sacewa da sauri, sai ya riƙa taka masa burki da tsokokin shaƙa, yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, can wajen ƙarshe, da huhu ya daina turowa, sai tsokokin ciki su karɓi aikin. Ba girman huhu kaɗai ke ba da dogon numfashi a karatu ba, iya wannan miƙa aiki daga tsoka zuwa tsoka ne, kuma ana koyonsa.

Sai na ko-ta-kwana: manyan tsokoki biyu da suka sauko daga bayan kunne zuwa saman ƙashin ƙirji, da na gefen wuya, da na gaban ƙirji. In ka ga jijiyoyin wuyan mutum suna miƙewa da kowane numfashi alhali yana zaune, to tantani ya nemi agaji. Haka mai fuka da ya zauna ya sunkuya ya dafa gwiwoyinsa. Ba rashin ƙarfi ne ya sa shi dafawa ba. Ya kafe kafaɗunsa ne don tsokokin da suka saba motsa hannu su juya su riƙa jan haƙarƙari. Wanda ya ce masa "Malam, kwanta ka huta" da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kwanciya za ta ƙwace masa wannan taimako, ta kuma ɗora nauyin kayan ciki a kan tantani. A bar shi a zaune.

Umarnin duk wannan aiki daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, daidai inda ta haɗu da lakar baya. Saƙon tantani yana bin jijiyoyi biyu, dama da hagu, da suka fito daga laka a gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 ta ƙashin wuya, suka ratsa ƙirji duka kafin su isa. Dalilin wannan doguwar hanya shi ne, tun ɗan tayi yana makonni na farko a wajen wuya tantani ya fara samuwa, sannan ya sauko da jijiyarsa. Saboda haka ne ma jinin da ya taru a ciki yana taɓa tantani yakan sa mutum jin ciwo a kafaɗa, kuma mace mai ƙaramin ciki da ta yi kukan ciwon mara tare da ciwon kafaɗa, ba a yi mata jinkiri. Ga kuma abin da ya shafi hatsarin mota da babur a hanyoyinmu: in laka ta yanke a sama da gaɓa ta 3, numfashi ya tsaya. In ta yanke a ƙasa da ta 5, tantani zai ci gaba, amma na haƙarƙari da na ciki sun tafi, tari ya zama ba ƙarfi, majina ta taru. Tsakanin waɗannan biyun tazarar 'yan santimita ce. Masu kai agaji da ke ciccibar wanda ya faɗi, kansa yana lilo, su cusa shi a Keke Napep, suna iya mayar da raunin da za a rayu da shi ya zama na ajali. A riƙe kai da wuya a miƙe da jiki, a ɗauke shi a kan abu mai ƙarfi.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙarancin oksijin ne ke tilasta mana numfashi. A mafi yawan lokaci ba shi ba ne. A 1905 John Scott Haldane da John Priestley sun nuna cewa iskar kabon dayoksaid, wadda jiki ke son zubarwa, ita ce ke riƙe da linzami, ƙaruwarta kaɗan a jini tana ninka numfashi. Wannan ƙuncin da kake ji in ka riƙe numfashi, ita ce ta taru. Masu lura da oksijin wasu 'yan ƙwayoyi ne a jikin manyan jijiyoyin jini na wuya, waɗanda Corneille Heymans na Beljiyam ya samu kyautar Nobel ta 1938 saboda gano aikinsu, kuma ba sa tayar da hankali sai oksijin ya faɗi sosai.

Mu a Jos wannan ya shafe mu ta fuska biyu. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, duwatsun Shere ma sun haura mita 1,800. Kason oksijin a iska bai canza ba, kashi 21 ne cikin 100 a nan da Legas, amma matsin iskar ya ragu da kimanin kashi 13, don haka kowane numfashi yana ɗauke da ƙasa da abin da zai ɗauka a bakin teku. Lafiyayye ba ya damuwa da wannan, sai dai baƙo ya ɗan yi haki a hawan tudu kwanakin farko. Wanda huhunsa ya riga ya raunana shi ne ba shi da rarar da zai yi asararta. Fuska ta biyu ta fi muni. In sanyin Disamba da Janairu ya kankama, har ma'auni ya sauka kusa da digiri 10 da dare, akan shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a ajiye janareta a zaure don gudun ɓarayi. Iskar kabon monoksaid da ke fitowa ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, kuma ba ta taɓa ƙararrawar nan ta jiki yadda ya kamata. Ba wanda zai farka yana neman iska. Ciwon kai ne da jiri da barci mai nauyi, tsokoki suna aikinsu daidai, jini kuwa ba ya kai komai. Ina roƙon duk mai karanta wannan: gawayi ya ƙare aikinsa a tsakar gida.

Ita cibiyar umarnin ma ana iya kwantar da ita. Kodin da taramol da danginsu suna dusashe jin da ƙwaƙwalwa ke yi wa kabon dayoksaid, numfashi ya yi ta raguwa har ya koma sau 6 ko 4 a minti. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, amma ƙwayoyi ba su bar unguwanni ba. Matashin da abokansa suka ce "ƙyale shi, barci yake" yana wani irin minshari mai yankewa, ba a iya tashinsa, asibiti yake bukata a wannan daren. A ɗaya ƙarshen hanyar kuma, inda jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo, nan dafin wasu macizai na dangin kumurci yake tarewa, fatar ido ta fara saukowa, haɗiya ta gagara, sannan tantani. Maganin ƙwari irin su piya-piya ma a wannan mahaɗa yake ɓarna, ga shi yana cika huhu da ruwa.

A nan ne nake son a tsaya a kan wani bambanci da ko a bakin asibiti ake rikita shi. Da an ga mai numfashi da ƙyar sai a ce "a sa masa oksijin". Oksijin magani ne na gaske in matsalar tana cikin huhu. Amma in tsokar ce ta gaza, ko ka cika ɗaki da oksijin ba wanda zai shigar da shi, ba kuma wanda zai fitar da kabon dayoksaid. Duniya ta koyi wannan daga cutar shan inna. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw a jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙera wani akwatin ƙarfe da ake sa majinyaci ciki, kansa a waje, ana rage matsin iskar akwatin ana mayarwa, ƙirji yana tashi yana sauka. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na Danmak, akwatunan ba su isa ba, sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta kama musu numfashi suna mutuwa. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ce kabon dayoksaid ce ke kashe su. Aka huda maƙogwaro aka sa roba, aka riƙa matsa jakar iska da hannu. Ɗaliban likitanci kimanin 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana, makonni, mace-macen suka sauko zuwa wajen kashi 40, daga baya ƙasa da haka. Daga nan sashen kulawa ta musamman na asibitocin zamani ya samo asali, irin wanda ke asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo. Wannan jaka ta hannu har gobe ita ce ke ceton jaririn da aka haifa bai yi kuka ba: ƙa'idar da ake koya wa ungozoma ita ce a fara hura masa iska cikin minti ɗaya na farko, kuma iskar ɗaki ta isa a fara da ita.

Wani lokaci tsokar lafiya lau take, kayan ne suka yi mata nauyi. Ko dai huhu ya yi tauri, ko hanya ta tsuke. Taurin huhu shi ne rabon masu fasa dutse da masu haƙar kuza a wajen Bukuru da Barikin Ladi da suka shekara suna shaƙar ƙurar dutse: ƙurar tana barin tabo a huhu wanda ba ya warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shi ne kuma matsalar bakwaini. Cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, kowace da danshi a cikinta mai son manne bangonta. Jiki yana yin wani sinadari mai santsi da ke hana wannan mannewa, amma ba ya wadata sai ciki ya kai wajen mako 34. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa rashinsa ne ke kashe jariran da aka haifa kafin lokaci. Irin wannan jariri kowane numfashi sabon buɗe huhu yake yi daga farko.

Tsukewar hanya kuwa lissafinta ba ya da tausayi. In faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska a cikinsa tana iya ninkawa har sau 16. Bututun jariri kimanin milimita 4 ne, kumburin milimita 1 a kewaye ya isa ya cinye rabinsa. Ƙurar hunturu da sanyin asuba suna tayar da asma ta wannan hanya. Ga iyayenmu mata da suka yi shekaru a kan murhun itace, da masu shan taba, iska tana shiga amma ba ta fita duka, huhu ya yi ta kumbura har ya danne tantani ya baje. Tantanin da ya rasa doronsa ba shi da inda zai sauka, yana ɗaurewa amma amfanin kaɗan ne. Shi ya sa za ka ga tsohuwa tana tsuke leɓe tana fitar da iska a hankali ba wanda ya koya mata. Hakan yana riƙe ƙananan bututu a buɗe har iskar ta samu fita.

Ƙirji kuma yana bukatar fili a zahiri. A turmutsitsi, irin na Mina a 2015 ko na Maitama a Abuja a Disambar 2024 inda mutum 10 suka rasu wurin rabon abinci, da yawa ba tattakewa ke kashe su ba, a tsaye suke mutuwa. Duk lokacin da mutum ya fitar da iska, jama'a sun cike gurbin, ba ya iya sake buɗewa. Haka wanda ramin kuza ya rufta da shi har ƙirji, ko da kansa yana waje, don haka ƙirjin ake fara tonewa. Wannan ne ma ya sa ban yarda da ɗaure ƙirjin mai karayar haƙarƙari da zane ko rawani ba, ko da ɗaurin yana rage zafi. Lafiyayyen mutum yana ajiyar zuciya duk bayan 'yan mintoci ba da saninsa ba, wannan dogon numfashi shi ke sake buɗe jakunkunan da suka fara mannewa. In an hana shi, ƙasan huhu ya rufe, majina ta kwanta, namoniya ta biyo baya. Abin da ake bukata shi ne maganin zafi isasshe don ya iya dogon numfashi da tari.

Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Alamominta na farko ba sa bukatar na'ura. A ɗaga rigar yaro lokacin da ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba, a ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: ɗan ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, sau 50, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Sannan a dubi ƙasan haƙarƙari. A lafiyayyen yaro, in ya shaƙi iska ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki a daidai lokacin shaƙa, to huhu ya yi tauri, tantani yana ja da ƙarfin da bangon ya kasa jurewa. Hanci yana buɗewa, kai yana gyaɗawa da kowane numfashi saboda tsokokin wuya sun shiga aiki, ana jin ɗan nishi a ƙarshen kowace fitar iska saboda yaron yana rufe maƙogwaro don ya hana huhunsa sacewa. Sakiya ko tsaga a haƙarƙari ba sa rage ko ɗaya daga cikin wannan nauyi, sai dai su ƙara zafin da zai hana shi buɗe ƙirji.

Mataki mafi haɗari shi ne wanda ya fi kama da sauƙi. Yaron da ya kwana yana numfashi sau 70 a minti, da asuba sai a ga ya lafa, numfashin ya ragu, idonsa ya lumshe. Uwa ta ce, "Alhamdu lillahi, ya samu barci." Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa tsokar ce ta kai ƙarshen ƙarfinta, kabon dayoksaid ta taru ta fara sa shi maye. Ana bambancewa da abubuwa kaɗan: mai samun sauƙi yana farkawa in an taɓa shi, yana karɓar nono, leɓensa da harshensa ja ne. Mai gajiya jikinsa ya saki, ba ya tsotso, leɓe ya yi duhu, numfashin yana yankewa yana dawowa. A babban mutum ma haka ne, mai asmar da ƙirjinsa ya daina fito alhali bai iya haɗa kalma uku ba, ba sauƙi ya samu ba, iskar ce ta daina wucewa, kuma in cikinsa yana shiga ciki lokacin shaƙa maimakon tasowa, tantani ya gaza. Irin wannan ba a jira gari ya waye, ba a tsaya a kemis. A ɗauke shi a zaune ko a jingine, a sassauta zanen goyo da duk abin da ya matse ciki, kada a ɗura masa ruwa ko koko. In an isa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya adadin da aka ƙirga da lokacin da aka fara ganin lotsawar ƙirji, a kuma nemi a maƙala masa 'yar na'urar auna oksijin a yatsa. Abin da ya gaza 90 yana bukatar oksijin nan take.